Wayoyi suna kama rauta, kwamfuta ta ƙi: sai an yi fomatin?

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamar makaranta ce a Tumfure, nan Gombe. Ina da laftof HP ta hannu mai Windows 10, wanda ya sayar mana ya ce daga Amurka aka shigo da ita. A gida muna da rauta mai sim. Wayata da ta maigida da na yara duk suna kamawa lafiya, amma kwamfutar wani lokaci ko sunan rautar ba ta gani, alhali tana ganin na maƙwabta. Wani lokacin kuma ta kama, amma ta rubuta No internet, secured. Na lura abin ya fi faruwa idan an ɗauke wuta an dawo da ita. Na kai wa mai gyara ya ce sai an yi mata fomatin, ni kuma sakamakon jarrabawar ɗalibaina duk yana ciki. Don Allah fomatin ɗin ne mafita, ko rautar zan canza?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya taimaka. Kada ki bari a yi fomatin yanzu, kuma kada ki fitar da kuɗi ki sayi wata rautar. Amma kafin ki taɓa komai, yau ɗin nan, ki kwafe sakamakon yaran nan a filas, ki kuma tura wa kanki ta imel daga duk inda kika samu intanet. Wannan bai shafi Wi-Fi ba. Kwamfutar hannu ce, kuma aikin zangon karatu guda bai kamata ya zauna a wuri ɗaya tak ba.

Idan na fahimce ki, matsala biyu kika kawo, ba ɗaya ba. Ta farko, sunan rautarki yana ɓacewa daga jerin da kwamfuta take nunawa. Ta biyu, ana haɗuwa amma ba a samun intanet. Dalilansu sun bambanta, maganinsu ma haka. Abin da ya fi burge ni a tambayarki shi ne abubuwa uku da kika lura da su da kanki: kwamfutar tana ganin rautocin maƙwabta, daga Amurka ta zo, kuma abin yana bin ɗauke wuta. Da kowa zai zo shago da bayani irin wannan, da rabin aikinmu ya ragu.

Hanyar da shafin intanet yake bi kafin ya iso allonki gaɓa uku ce. Akwai sadarwar rediyo tsakanin katin Wi-Fi na cikin kwamfuta da rauta. Bayan an haɗu, dole rauta ta ba kwamfuta adireshi, wato lambar da za a riƙa gane ta da ita a cikin gidan. Sannan ita rautar ta fita waje ta sim ɗinta zuwa turken kamfanin sadarwa. Alamar Wi-Fi da kike gani a ƙasan allo ta cika taf, labarin gaɓar farko kawai take ba ki. Ba ruwanta da ko akwai data a sim, ko sabis ya ɗauke a unguwar gaba ɗaya. Duk gyaran ya ta'allaƙa ne a kan gano gaɓar da ta tsinke. Wanda ya yi fomatin bai gano wannan ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Gwaji biyu kafin a buɗe komai

Kin ce wayoyi suna kamawa lafiya. Ina so ki tabbatar da wannan, domin waya tana da wayo: idan Wi-Fi ya gaza, sai ta koma kan datar sim ɗinta a ɓoye, mai ita yana ta kallon bidiyo yana cewa rauta lafiya lau. Ranar da kwamfutar ta ƙi, ki kashe datar wayarki gaba ɗaya, ki bar Wi-Fi kaɗai, ki buɗe wani shafi da ba ki saba buɗewa ba. In ya buɗe, rauta da sim sun fita daga zargi. In bai buɗe ba, to kwamfutar ba ta da laifi a ranar.

Na biyu, ki kunna hotsfot a wayarki ki haɗa kwamfutar da shi. In ta kama kuma shafuka suka buɗe, katin Wi-Fi ɗinta yana aiki, Windows ɗinta ma yana aiki, kuma maganar fomatin ta mutu daga nan. Abin da ya rage rashin jituwa ne tsakanin wannan kwamfutar da wannan rautar, kuma a saiti ake gyara shi.

Sunan da yake ɓacewa

Nan ne na fi zargi, don haka zan ɗan tsaya a kai.

Wi-Fi rediyo ne, kuma yana da tashoshi. A zangon 2.4 GHz, wanda kusan kowace na'ura take amfani da shi, yawancin ƙasashen duniya sun yarda da tasha ta 1 zuwa ta 13. Amurka kuwa na'urorin da ake sayarwa a kasuwarta a 1 zuwa 11 suke tsayawa. Saboda haka katin Wi-Fi da aka ƙera don kasuwar Amurka, sau da yawa ba ya kama 12 da 13. Wayoyinku an kawo su ne don kasuwar nan, suna jin duka. Ita kuma rauta, daga kamfani ana barin zaɓin tasha a kan Auto, ma'ana duk lokacin da ta tashi sai ta saurari abin da ke kewaye da ita ta zaɓi inda take ganin babu cunkoso. A garin da wuta take zama, rauta tana iya yin watanni ba ta sake zaɓe ba. A nan Gombe, duk ɗaukewa da dawowar wuta sabon zaɓe ne. Yau ta faɗa kan 6, kwamfutarki ta gan ta. Gobe da yamma wuta ta dawo, ta faɗa kan 13, wayoyi suka bi ta can, kwamfuta ta duba ta ga na maƙwabta kawai. Duk abubuwa ukun da kika lissafa wannan bayanin ya ɗauke su, shi ya sa nake so ki fara da shi.

Gyaran bai kai minti goma ba. Ki ɗaga rautar ki duba takardar da aka manna a ƙasanta ko a bayanta. Za ki ga adireshin shiga, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei da yawa kuma 192.168.8.1, tare da sunan shiga da kalmar sirrin shafin saiti. Wannan kalmar daban take da wadda kike ba yara su hau Wi-Fi. Da wayarki ma za ki iya: ki rubuta adireshin a burauza, ki shiga, ki nemi inda aka rubuta Wi-Fi Settings ko WLAN, wani lokaci sai kin danna Advanced. A gaban Channel ki cire Auto ki sa 1, ko 6, ko 11. Waɗannan ukun ake zaɓa domin su ne ba sa hawa kan juna. In akwai Channel Width ko Bandwidth, ki sa 20 MHz. A unguwa mai gidaje manne da juna 40 MHz hayaniya kawai yake jawowa. Ki adana, rautar za ta ɗan yanke ta dawo. Sai ki zura ido kwana biyu, musamman bayan ɗauke wuta.

Tunda kin shiga shafin, ki duba wasu abubuwa biyu. Rautoci da yawa suna watsa suna biyu, ɗaya na 2.4 GHz, ɗaya na 5 GHz, wanda ake yawan liƙa wa 5G a ƙarshen sunansa, kuma ba shi ne 5G na kamfanonin waya ba. Tsofaffin laftof da yawa ba su da kunnen jin 5 GHz sam. Ana gane wannan cikin sauƙi: ki danna maɓallin Windows, ki rubuta cmd, ki buɗe baƙin allon da zai fito, ki rubuta netsh wlan show drivers. A layin Radio types supported, in kin ga 802.11b da g da n kaɗai, to ki ɗauka 2.4 ce iyakarta. In akwai 802.11a ko ac, tana jin 5 GHz. Wasu rautocin suna haɗe zangon biyu a suna ɗaya su riƙa tura na'ura nan da can da kansu. Ga tsohuwar kwamfuta ni na fi son a raba su, kowanne da sunansa.

Sai tsarin tsaro. WPA2 ya fito tun 2004, kuma kowace kwamfutar da ke yawo a kasuwa ta san shi. WPA3 a 2018 ya zo, Windows 10 bai fara karɓarsa ba sai a sabuntawa mai lamba 1903, kuma ko da ita sai katin ya iya. In kin ga rautar tana kan WPA3, ko a gauraye WPA2/WPA3, ki mayar da ita WPA2-PSK da AES. Alamar wannan matsalar ita ce kwamfuta ta ga sunan, ki sa kalmar sirri daidai, ta ce Can't connect to this network. Kada wani ya ce miki a cire kalmar sirrin gaba ɗaya don a huta, ko a koma WEP, tsohon tsarin tsaro mai rauni. Datar wata za ta ƙare cikin mako, kuma ba za ki san wanda ya sha ba.

Akwai kuma wani abu da ya shafi sababbin rautoci masu Wi-Fi 6, wato 802.11ax. Kamfanin Intel da kansa ya bayyana cewa wasu tsofaffin katunansa, in direbansu, wato manhajar da Windows yake sarrafa katin da ita, tsoho ne, ba sa nuna irin waɗannan rautocin a jeri sai an sabunta direban. In rautarki sabuwa ce fil, wannan shi ne zargi na biyu bayan tasha, kuma zan zo kan direba a ƙasa.

Maganar kalmar sirri kuwa, ga abin da yake ba mutane kunya a shago: madannan Ingila da na Amurka sun saɓa a wurin @ da alamar zance. In an saita Windows a kan ɗaya alhali madannan na ɗayan ne, sai ki danna @ wani abu daban ya fito. Ki danna ɗan idon da ke gefen akwatin ki ga abin da kika rubuta. In an taɓa canza kalmar a rauta, ki danna sunan da hannun dama, wato da maɓallin dama na maus, ki zaɓi Forget, ki sake haɗawa daga farko.

Ta kama, amma No internet, secured

Secured yana nufin gaɓar farko ta yi: kalmar sirri daidai ce, an haɗu. Saura biyu. Ki koma baƙin allon nan ki rubuta ipconfig, ki nemi sashen Wireless LAN adapter Wi-Fi, ki karanta IPv4 Address, wato adireshin kwamfutar, da Default Gateway, wato na rautar.

In adireshin ya fara da 192.168, rauta ta ba ki lamba. In ya fara da 169.254, ba ta ba ki ba. Windows ya jira ya gaji ya raɗa wa kansa, kuma wannan lambar ba ta kai ki ko'ina. Wannan ma yana bin ɗauke wuta. Laftof tana da batiri, ba ta mutu ba, tana nan tana jira. Rauta ta tashi, ta fara watsa suna kafin sauran sassanta su gama shiri, kwamfuta ta yi wuf ta haɗu, ta nemi adireshi ba a amsa mata ba. Ki kashe Wi-Fi na kwamfutar ki sake kunnawa bayan minti biyu, ko ki rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew. In ya ci gaba, ki ƙirga na'urorin gidan. Kowace rauta tana da iyakar adadin da take ɗauka, ƙananan MiFi wasu 10, wasu 16, wasu 32. Gidan da yara suka raba wa abokansu kalmar sirri, kwamfutar uwar gida ce take zuwa ƙarshe ta tarar an cika. A shafin saitin akwai jerin duk wanda ke kai, kuma a nan ne ake ganin ko wani ya toshe kwamfutar bisa kuskure a MAC Filter ko Blacklist. Na sha tarar da maigida ya zo korar ɓarayin data ya kori laftof ɗin gidansa, domin sunan da take fitowa da shi, irin DESKTOP da wasu haruffa, bai yi masa kama da na gida ba.

Wani lokacin adireshin ba 169 ba ne, amma bai yi kama da na rautarki ba, misali rauta tana 192.168.0.1 ita kuma kwamfuta tana riƙe da 10 da wani abu. Kwamfutocin hannu da yawa daga ofisoshi suka fito, wasu kuma sun yi aiki a kafe ko cibiyar jarrabawar CBT, inda ake rubuta musu adireshi na dindindin da hannu. Ki danna Windows da R tare, ki rubuta ncpa.cpl, ki danna Wi-Fi da hannun dama, Properties, sannan Internet Protocol Version 4. Ki tabbatar an zaɓi Obtain an IP address automatically, haka ma na DNS a ƙasansa.

In adireshi lafiya yake, sai a bi hanyar da ping, wanda aikinsa ya aika ɗan saƙo ya jira amsa. Ki rubuta ping da lambar Default Gateway. Amsa ta dawo cikin 'yan milisakan kaɗan, tsakaninki da rauta ƙalau. In tana cewa Request timed out jefi-jefi, rediyon ne yake rawa, sai a duba nisa da bango. Daga nan ping 8.8.8.8, wata na'urar Google ce a waje. In ta amsa, intanet yana isowa har kwamfutarki. Sannan ping google.com. In lamba ta amsa amma suna ya ƙi, matsalar DNS ce, wato tsarin da yake mayar da sunan shafi zuwa lamba. Ki rubuta ipconfig /flushdns, in bai isa ba ki koma wurin da muka baro ki sa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 a matsayin DNS.

A nan ne nake yawan cin karo da ragowar VPN, wato manhajar da take bi da intanet ɗin mutum ta wata hanyar daban. Lokacin da gwamnati ta rufe Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mutane sun sauke VPN na kyauta kala-kala, wasu kuma suna sa su don neman data ta ɓagas. An daina amfani da su, amma suna nan maƙale, suna tashi tare da Windows suna karkatar da hanya zuwa inda babu kowa. Ki duba jerin manhajojin da ke kan kwamfutar, duk VPN da ba kya amfani da shi ki cire. Ki shiga Settings, Network & Internet, Proxy, ki kashe Use a proxy server in a kunne yake. Tsohuwar manhajar kashe bairos da wa'adinta ya ƙare ita ma tana iya toshe hanya.

Ki kuma kalli agogon kwamfutar. A cikinta akwai ɗan ƙaramin batiri, galibi CR2032, mai riƙe kwanan wata. In ya mutu, kuma babban batirin ya ƙare ƙaf, kwamfuta tana iya tashi da kwanan watan shekarun baya. Shafuka masu https ba sa buɗewa in agogo ya kauce sosai, sai burauza ta ce Your clock is behind ko Your connection is not private. Mutum ya rantse intanet ne ya lalace, alhali gyara kwanan wata ne kawai.

In duk wannan bai yi ba, Windows 10 yana da Network reset a ƙasan shafin Status na Network & Internet. Yana goge duk saitin sadarwa ya sake girka katin, ya kashe kwamfutar ya kunna bayan minti biyar. Kalmomin sirrin Wi-Fi da ta haddace za su tafi, amma fayil ko ɗaya ba ya taɓawa. Duk amfanin da fomatin zai yi wa matsalar Wi-Fi, kusan wannan ne, ba tare da asarar komai ba. Ban ce mai gyaranki macuci ba ne. Fomatin yana yi masa sauƙi, kuma wani lokaci yana dacewa saboda ya share gurɓataccen saiti tare da komai da komai. Amma in matsalar tasha ta 13 ce, zai goge miki kwamfuta tas ki dawo gida ki tarar da abinki yana jiranki.

Wuta, zafi da mazaunin rauta

In gwajin farko ya nuna wayoyin ma ba sa samu, ki bar kwamfuta ki koma kan rauta. A shafin saitinta akwai akwatin saƙonnin sim, kuma kusan ba wanda yake buɗe shi. A nan ake tarar da saƙon ƙarewar data, ko na rufe layi. Tun Disambar 2020 da hukumar NCC ta ba da umarnin haɗa kowane layi da NIN, layin cikin rauta ne aka fi mantawa da shi, tunda ba a kira da shi. Wani lokacin kuma abin ya fi ƙarfin unguwa ma. Ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, sabis ya tabarɓare a Najeriya da maƙwabtanta, har bankuna suka ji a jikinsu. A irin wannan rana babu saitin da za ki taɓa ya yi amfani. Ki tambayi maƙwabta masu layin kamfani ɗaya da naki kafin ki wahalar da kanki.

Cajar rauta abin dubawa ce. In ta asali ta ƙone, sai a ɗauko duk wadda bakinta ya shiga. Ki karanta abin da aka rubuta a ƙasan rautar, misali 12V 1A, ki gwada da na jikin cajar. Bolt dole ya zama daidai, amfiya kuma kada ta gaza. Caja mai rauni tana kunna fitilun rauta lafiya, amma da an fara jan data da ƙarfi sai rautar ta mutu ta sake tashi, kuma kowane tashi sabon zaɓen tasha ne. Ƙaramin batirin rauta da ake sayarwa, wanda ake kira mini UPS, yana riƙe ta na 'yan awanni, ya kuma raba ta da fizgar da ake samu wajen sauyawa daga wuta zuwa inji. A ganina ya fi sabuwar rauta amfani a gidanki. In kuna da sola, ki mayar da rautar kan layin inbata.

Zafi ma yana da nasa. Rautocin gida da yawa an rubuta musu su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40, mu kuma a Maris da Afrilu inuwa ma tana taɓa 40. Rautar da aka ajiye a taga don ta kama sabis, rana tana dukanta, ko aka ɗora a kan dikoda, ko aka lulluɓe da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, za ta riƙa sumewa da tsakar rana. Ki sa ta a sama, a inuwa, inda iska take ratsawa. Bangon bulo da siminti yana cin sigina, ƙofar ƙarfe da firji da tankin ruwa sun fi shi ci, kuma 5 GHz ya fi 2.4 saurin gajiya da bango. In rauta tana falon maigida ke kuma kina aiki a ɗakinki ta ƙetaren tsakar gida, ki zauna a kan 2.4. Umarnin netsh wlan show interfaces zai nuna miki ƙarfin sigina da tashar da kike kai, ki zagaya da kwamfutar ki ga inda yake faɗuwa.

Gargaɗi ɗaya: ɗan ramin da aka rubuta Reset a bayan rauta ba na kashewa da kunnawa ba ne. In aka soka masa tsinke aka riƙe, komai yana komawa yadda ya fito daga kamfani, suna da kalmar sirri da tashar da kika gyara. Ki hana yara.

Inda gyaran gida ya tsaya

Sauran abin yana cikin kwamfutar. Ki danna maɓallin Start da hannun dama, Device Manager, Network adapters, ki nemi mai ɗauke da Wireless ko Wi-Fi a sunansa, yawanci Intel ko Realtek ko Qualcomm ko Broadcom. A Properties, in akwai shafin Power Management, ki cire alamar Allow the computer to turn off this device to save power. Wannan ne yake sa wasu laftof su farka daga barci ba Wi-Fi, kuma ya fi tsanani idan suna kan batiri, wato daidai lokacin da babu wuta. Direba kuwa, daga shafin HP za ki sauke shi da lambar samfurin da ke ƙasan kwamfutar, ko daga shafin Intel in katin nasu ne. In babu Wi-Fi da za ki sauke, ki haɗa waya da kebul ki kunna USB tethering, wato wayar ta ba kwamfutar intanet ta kebul ɗin. Ki guji manhajojin nan masu alkawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya, sun fi kawo ciwo fiye da magani. A HP da yawa kuma maɓallin F12 ne yake kashe Wi-Fi, hannun yaro yana iya taɓa shi, amma wannan ba naki ba ne tunda kina ganin na maƙwabta.

Daga nesa iyakar abin da zan iya ke nan, domin akwai matsalar da sai an kwance. Eriyar laftof a cikin murfin allo take, kuma siraran wayoyi biyu, galibi baƙa da fara, suna bi ta cikin maƙalar murfin su sauko su maƙale a katin. Maƙalar da ta karye tana iya tsinka su, kuma wanda ya canza allo ko ya share fanka yana iya mantawa bai mayar da su ba. Alamarsa, kwamfuta ta kama a gaban rauta, da kin matsa ɗaki na gaba ta saki, alhali waya a wurin tana cike. Haka nan in katin yana ɓacewa daga Device Manager ya dawo da kansa, ya kusa mutuwa ko ya saki daga mazauninsa. Ko a nan ba fomatin ba ne. Mai gyara ya mayar da wayoyin ko ya canza katin, ko ki sayi ɗan Wi-Fi na USB ki soka a gefe, wanda shagunan kayan kwamfuta a cikin gari ba sa rasa shi. Ki nemi mai zango biyu, kuma ki sa a gwada miki shi a kan kwamfutarki kafin ki biya.

Fomatin yana da ranarsa: in bairos ya ci Windows, ko ya lalace har hotsfot da USB tethering da kebul duk sun ƙi bayan Network reset. In ranar ta zo, ki tuna Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Wannan ba ya hana Wi-Fi aiki, amma ya isa dalilin da za ki tambayi mai gyaran ko kwamfutar za ta ɗauki Windows 11, tunda dai za a goge ta. Ki kuma ce ya ajiye direban Wi-Fi a filas kafin ya fara.

In kin mayar da tashar kan 1 ko 6 ko 11 kuma sunan ya sake ɓacewa, ki turo mini sunan katin kamar yadda yake a Device Manager, da samfurin rautar, da lambar da ipconfig ya nuna a lokacin da abin yake faruwa, ba bayan ya warware ba. Kalmar sirri kuwa ki riƙe abinki, ba na buƙatarta.